Minti nawa mutum zai iya aiki cikin rigar kariya daga cuta (PPE) a zafin nan kafin ya jigata?

Sista_Bauchi:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, dan Allah masu ilimin abun nan ku taimaka min. Ni nas ce, ina aiki a sashen da muke keɓe masu zazzaɓin Lassa, kuma ni ke tsara wa yara jadawalin shiga ciki. Lokacin hunturu ba mu da matsala sosai, mutum ya sa rigar nan mai haɗe da hula, safar hannu biyu, takunkumi, tabarau, rambut, ga ta roba a gaba, ya yi awa ɗaya ko ma fiye ya fito lafiya lau sai dai gumi. To yanzu da bazara ta kama abun ya canza gaba ɗaya, ɗakin rufin kwano ne ba silin, wuta kuma kun san halin da ake ciki, fankar ma in ta juya iska mai zafi take hurawa. Wasu minti 30 sun fara ɗaga hannu a fito da su, wasu kuma su daure su yi ta aiki sai sun fito ka ga ƙafa na rawa, a juye rambut gumi ya tsiyayo ƙasa. Shekaranjiya wata yarinya jiri ya kwashe ta tana tsakar cire kaya, ga safar hannu mai datti a hannunta, Allah ne ya kiyaye mai lura da ita ya tare ta kafin ta kai hannu fuska.

Tambayata ita ce, akwai wani lissafi da zan yi in san tun kafin su shiga cewa yau minti kaza ne iyaka? Don in na ce kowa ya fito a minti 45 sai a ce na takura, kayan ba su da yawa kuma kowace shiga sabuwar riga ce, in na bar kowa ya yi yadda ya ji a jikinsa kuma ga abun da ke faruwa. Ga azumi a tafe, wlh abun na damuna.

Abu_Safwan:

Wa alaikumus salam, Allah ya saka muku da alheri Sista, aikin da kuke yi ba kowa zai iya ba. Ni dai shawarata su dinga shan ruwa sosai kafin su shiga, leda uku ko huɗu, ai in jiki da ruwa zafi ba ya kama mutum. Kuma mu 'yan arewa mun saba da rana, a hankali za su saba da rigar ma in sha Allah.

Dan_Doha:

Wa alaikumus salam Sista, sannu da ƙoƙari. Malam Abu Safwan ka yi haƙuri, ruwa na da amfani amma shi kaɗai ba ya maganin wannan, kuma maganar nan ta mun saba da rana ita ce ma ke kai mutane ƙasa a cikin irin wannan riga. Ni aikina kenan kula da lafiyar leburori a wajen gini a Qatar, bari in faɗi abun da na sani.

Abun da ke cetonmu a arewa da bazara bushewar iska ce. Ma'auni ya nuna 41 ko 42 amma kana gumi yana bushewa nan take, kuma bushewar ce ke sanyaya jiki ba zubar gumin ba. Lita ɗaya ta gumi in ta bushe a kan fata tana tafiya da zafi kusan kilokalori 580, in kuwa gangarawa ta yi cikin rambut ba ta rage maka komai ba sai ruwan jikinka da gishiri da ta kwashe. Ki duba randa, tsattsafo take yi iska na busarwa shi ya sa ruwanta ke sanyi, naɗe ta da leda ki ga ko ruwan zai yi sanyi. To rigar nan taku ledar ce. Cikin 'yan mintuna iskar da ke tsakanin fata da riga ta cika da laima, daga nan gumi ya daina bushewa, mutumin Sakkwato da mutumin Fatakwal sun zama ɗaya. Wanda ya saba da zafi ma ya fi saurin gumi kuma ya fi yawansa, a waje wannan riba ce, a cikin riga kuwa ruwa kawai yake zubarwa.

Mu nan ba ma kallon zafin da waya ke nunawa, da wani ma'auni muke aiki ana ce masa WBGT. Sojan Amurka aka yi wa shi a shekarun 1950 saboda kurata da ke faɗuwa a filin horo. Abu uku yake haɗawa, akwai tamomita da aka naɗe kanta da jiƙaƙƙen ƙyalle don ta nuna yadda gumi zai iya bushewa, akwai wata cikin baƙar ƙwallo da ke kama zafin rana da na kwano da bango, sai ta iska zalla. A rana ana ɗaukar kashi 70 na mai ƙyalle, 20 na ƙwallo, 10 na iska. A cikin ɗaki irin naku 70 da 30 ne, mai ƙyalle da ƙwallo kawai. Dokar Qatar ta 2021 ta ce daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba aikin waje daga 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, kuma duk lokacin da WBGT ya haura 32.1 a ajiye aiki ko wane wata ne. Saudiyya nata daga 12 zuwa 3 ne.

To ga inda riga ke shigowa. Ƙungiyar ACGIH ta masana lafiyar ma'aikata a Amurka tana da tebur na abun da ake ƙarawa a kan lambar gwargwadon kayan da ke jikinka. Kayan aiki na yadi ba a ƙara komai, rigar nan mara nauyi da iska ke ɗan ratsawa rabin digiri ko ɗaya, yadi ninki biyu 3, amma wadda tururi ba ya ratsa ta 11 ake ƙarawa. Mu yi misali da ɗakinku, a ce mai ƙyalle ta nuna 22 tunda iska a bushe take, ƙwallo ta nuna 41, lissafi ya ba da kusan 28. Wanda ya saba da zafi yana matsakaicin aiki 28 ɗin ce iyakarsa ta aiki ba hutu, kenan da rigarsa ta yadi yana bakin gaɓa. Ƙara 11 kin koma 39, alhali teburin ko ga wanda zai yi aikin minti 15 ya huta 45 bai wuce 32 da ɗoriya ba. Kin fita daga teburin gaba ɗaya kenan, ba layin da za ki duba ya ce miki minti kaza.

Akwai wani tsari da ya fi wannan zurfi, ISO 7933, ana ce masa PHS, ana zuba masa zafin iska da laima da gudun iska da nauyin aiki da kaurin tufafi a kwamfuta ya yi hasashen gumin da mutum zai zubar da yadda zafin cikinsa zai dinga hawa minti bayan minti har ya kai 38. Yana da kyau ga tufafin yau da kullum amma su kansu masu shi sun rubuta ba a yi shi don rigar da ruwa ba ya ratsawa ba. Shi ya sa a irin aikinku ake sa lokaci gajere tun farko sannan a auna mutanen da kansu a gyara. Wannan ɓangaren likitoci sun fi ni, ko Dakta na kusa.

Dakta_MG:

Gani nan Injiniya, ka yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Sista sannu da fama. Bari in ɗora da lissafin da zai nuna miki daga ina minti 40 zuwa 45 ɗin nan ya fito, don in an ce kin takura ki samu abun faɗa.

Jiki in yana aiki kusan kashi 80 na ƙarfin da yake ƙonawa zafi yake zama. Nas da ke juya majinyaci, tana canza zanin gado, tana ɗaukar bokiti, tana samar da zafi wajen wat 250 zuwa 300. Mutum mai kilo 70 kuma kilojul 245 ke ɗaga zafin jikinsa da digiri ɗaya. A ce riga ta tare rabi, wat 150 na taruwa a ciki, kilojul 9 kenan duk minti, digiri ɗaya a minti 27. Daga 37 zuwa 38.5 wanda shi ne iyakar da ake yarda ga lafiyayyen da ya saba, kin ga minti 40. In aikin ya yi nauyi ko ɗakin ya ƙara zafi har wat 225 ke taruwa, ya dawo ƙasa da minti 30. Lissafin kan takarda ne amma ya zo daidai da abun da aka gani lokacin Ebola a 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tsakanin minti 45 zuwa awa ɗaya suke yi a ciki a fito da su. Kuma abun da nake so ki riƙe shi ne a cikin wannan riga zafin ba ya hawa ya tsaya a wani mataki kamar na mai noma a fili, hawa yake ta yi har sai an cire rigar, bayan an cire ma yakan ƙara kaɗan kafin ya fara sauka. Saboda haka dauriya ba ta da wani amfani a nan, mai dauriya shi ya fi shiga haɗari don shi ne zai wuce iyaka bai ɗaga hannu ba.

Abu na biyu, lokacin cire kaya a cikin lissafin yake. Cirewa a tsanake mataki mataki da wanke hannu tsakani takan ci minti 10 zuwa 15, kuma nan ne aka fi ɗaukar cuta, to in mutum ya zo wajen a jigace hannu na rawa tabarau ya yi hazo me kike tsammani? Abun da ya samu yarinyar nan kenan, tsayuwa wuri ɗaya bayan aiki jini ya taru a ƙafa da fata, sai jiri. Agogo ya fara daga lokacin da aka ja zif ya ƙare lokacin da aka fita daga riga. In iyakarki 45 ce to a minti 30 mai lura zai kira su. A rubuta lokacin shiga da alƙalamin maka a kafaɗar rigar tare da suna, kuma wanda ke waje ne ke da iko da agogo ba wanda ke ciki ba.

Yadda za ki gyara lokacin ya dace da mutanenki kuwa, akwai ƙa'ida mai sauƙi daga littafin da hukumomin Amurka huɗu har da NIOSH da OSHA masu kula da lafiyar ma'aikata suka fitar a 1985 don masu kwashe guba, ba ta buƙatar komai sai agogo da tamomita da sikeli. Da an fito a zauna a ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 30 a ninka biyu, in ya haura 110 a rage shiga ta gaba da kashi ɗaya cikin uku, hutun kuma a bar shi yadda yake. A sa tamomita ƙarƙashin harshe kafin a sha ruwa, in ta haura 37.6 shi ma a rage kashi ɗaya cikin uku, in ta haura 38.1 ba ya komawa cikin riga. A hau sikeli da safe da kuma tashi, kada raguwar ta wuce 1.5 cikin 100 na nauyinsa, mai kilo 60 kenan kada ya rasa fiye da giram 900. Ki buɗe littafi ki dinga rubutawa, cikin sati za ki ga waye 45 ta yi wa daidai waye 30 ma ta yi masa yawa, don mutum biyu riga ɗaya ɗaki ɗaya ba sa zama ɗaya. Mai ƙiba, mai ciki, mai ciwon suga, mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, wanda ya kwana da gudawa ko zazzaɓi, wanda ya yi kwanan asibiti bai runtsa ba, duk nasu ya fi gajarta.

Malam Abu Safwan, leda huɗu a tashi ɗaya lita biyu ce, ciki zai cika fitsari ya matsa a cikin riga, kuma ruwa zalla da yawa haka ga wanda ke zubar da gishiri yana iya kawo wata matsalar. Leda ɗaya kafin shiga, bayan fitowa rabin leda duk minti 15 zuwa 20, kada a wuce lita ɗaya da rabi a awa, a haɗa da ruwan gishiri da sukari ko abinci.

Mai_Feshi_Kadawa:

Ranki ya daɗe Sista, ni ba ɗan boko ba ne sosai, feshin magani muke yi a gonakin tumatir da shinkafa, ina da yara a ƙarƙashina, amma zancen nan ya shafe mu don mu ma rigar leda muke sawa da tanki lita 16 a baya. Abun da Dakta ya ce gsky ne, jarumin cikinsu shi ke faɗuwa. Mu dai da an sallame asuba muke shiga gona, kafin hantsi ya ɗaga mun nannaɗe, sai kuma bayan la'asar sakaliya, tsakar rana kam ko nawa mai gona zai biya ba na sa yaro. Sabon yaro kuma ba na ba shi cikakken aiki ranar farko, tanki ɗaya ya zauna, gobe a ƙara masa, haka har sati.

Alamar da nake kamawa da ita ba gumi ba ne don kowa jiƙe yake, sai in ga yaro mai ladabi ya fara ƙunƙuni yana faɗa ba dalili, ko ya kasa ɗaura madaurin tanki da ya saba ɗaurawa ido rufe, ko ya maimaita layin da ya riga ya fesa. Da na ga haka ba na tambayarsa ko lafiya don cewa zai yi lafiya lau, cire masa nake yi. Sannan muna ajiye bokiti biyu na ruwan sanyi a inuwa, bayan an wanke hannu da sabulu mutum ya tsoma hannuwa har gwiwar hannu ya zauna kamar minti 10, wlh yana dawo da mutum hayyacinsa fiye da zuba ruwa a ka. Fitsari kuma in ya yi ja na ce yau ka gama.

Sista_Bauchi:

Kai Alhamdulillah, na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Dakta na kwafe lambobin nan, sikeli muna da shi, gobe zan buɗe littafin. Baba mai feshi wannan ta bokitin ban taɓa ji ba, za mu gwada. Saura abu uku, tamomitar nan ta bindiga da muke haska goshi za ta yi maimakon ta baki? Sannan in na sa a kawo fanka mai caji cikin ɗakin za ta taimaka musu? Sai maganar azumi, yawancinmu za mu ɗauka, ya zan yi da jadawalin?

Dakta_MG:

Ta bindiga ba za ta yi ba Sista, fatar goshi take aunawa, goshin da ya jiƙe da gumi iska ta buga shi sai ta nuna miki 36 alhali ciki ya kai 38 da wani abu. Ta baki ma tana nuna ƙasa da na ciki da kusan rabin digiri, shi ya sa aka sa iyakarta 37.6 ba 38 ba. Kowa ya samu tasa ko a goge da kyau tsakani.

Fanka ga wanda ke cikin riga amfaninta kaɗan ne tunda ba gumin da za ta busar, in iskar ta fi fata zafi ma wato ta haura 35 ƙara masa take yi. Ki kai ta wajen hutu, can ne take aiki sosai, mutum ya fito ya jiƙa jiki da ruwa fanka na bugunsa a busasshiyar iskar nan tamu, ga bokitin Baba, wanda binciken da aka yi kan 'yan kwana-kwana ya nuna yana sauke zafin ciki. Kuɗin da za a kashe a ɗakin gara a sa shi a silin ko farin fenti a kwano ko rumfar zana ta ɓangaren yamma, don a cikin rigar da ba ta numfashi zafin iska da na kwano su ne ke shiga jiki kai tsaye. Ki kuma zauna da masu kula da kariya daga cuta na wajenku a duba ko kowane aiki ne ke buƙatar mai haɗe da hula, don ko a Ebola jagorar WHO ta 2014 ta yarda da doguwar riga mai hana ruwa da ta roba a gaba a matsayin zaɓi. Raba magani daban, wanke mai zubar jini daban. Amma kada kowa ya buɗe zif ko ya ɗaga takunkumi a ciki don ya sha iska.

Azumi kuwa, tsarin PHS da Injiniya ya ambata ya sa iyakar ruwan da mutum zai rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa in yana sha, kashi 3 in ba ya sha. Mai kilo 60 lita 1.8 kenan, kuma a cikin rigar nan lita ɗaya a awa ba abun mamaki ba ne, ga na zaman yini da shi ma ke tafiya. Shiga biyu da rana ta cinye shi. Ki maida manyan ayyuka, wanka da canza gado da shara, zuwa bayan asuba da bayan isha'i, na rana ya zama gajere a shirya komai a tire tun a waje, mai azumi shiga ɗaya da rana, abokan aiki da ba sa azumi a roƙe su su riƙe tsakar rana a rama musu da dare. Wanda ya kai ga jiri ko amai a ba shi ruwa, hukuncin ramuwa malamai sun yi bayaninsa.

Wanda kuma ya fara sambatu ko tangaɗi ko ya suma, ko da yana gumi, a ɗauka zafin ya kai 40 ya taɓa ƙwaƙwalwa. A cire masa kaya cikin gaggawa, a kwarara masa ruwan sanyi duk jiki ana fifita, ƙanƙara in akwai, a fara sanyayawa a nan take kafin a yi maganar ɗaukarsa zuwa wani sashe. Farasitamol ba ya aiki a wannan. Ku gwada yadda mutum biyu za su cire wa sumamme kaya ba tare da sun shafa masa datti ba tun yanzu da riga mai tsabta, kowane rukuni ya yi.

Dan_Doha:

Ƙari ɗaya Sista kan abun da Baba ya faɗa na sabon yaro, haka yake a rubuce a ƙa'idar NIOSH, sabo kashi 20 na aikin ranar farko, kullum a ƙara abun da bai wuce 20 ba, sabo da zafi na ɗaukar kwana 7 zuwa 14. Wanda ya dawo daga hutu shi ma kashi 50, 60, 80 sannan 100 a rana ta huɗu, ki sa wannan a jadawalin masu dawowa bayan sallah. In kin samu lambobin sati ɗaya ki turo nan tare da zafin ɗakin na safe da na azahar da sunan rigar da ke jikin ledarta, don ba duka fararen nan ne 11 ba, wasu 1 ne kawai, sai mu duba tare da Dakta mu fitar miki da lokacin safe daban na rana daban.